Riƙon gidan hayar magada a Mabera: abin da ke shiga da abin da ke saura

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a ƙarshen shekarar 2022, ya bar mata biyu da 'ya'ya goma, maza huɗu da mata shida, kuma cikin abin da ya bari akwai gidan haya a unguwar Mabera da ke cikin garin Sakkwato, mai ciki da falo shida da shaguna biyu masu kallon titi. Da malamin da ya raba mana gado ya zo kan wannan gida, lissafin ya faɗa daidai, domin iyayen marigayin sun riga shi komawa ga Allah: matan biyu suna da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, ragowar kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa gidan kashi 16, kowane ɗa namiji yana da biyu, kowace 'ya mace tana da ɗaya, kowace daga cikin iyayenmu mata tana da ɗaya. Tun da ba a tsaga ciki da falo kashi 16, zaɓi biyu ya rage, ko a sayar a raba kuɗi, ko a bar gidan a riƙa raba haya. Baffanmu, wanda shi ne babba a dangi, ya ce a bar shi, mafi yawan magada suka bi bayansa, aka kuma ɗora mini riƙonsa saboda ni ne babba a maza kuma a cikin gari nake aiki.

Kafin in taka ƙofar gidan a matsayin mai karɓar haya, na nemi a rubuta takardar wakilci wadda kowane magaji baligi zai sa wa hannu, ƙannenmu biyu da ba su balaga ba kuma mahaifiyarsu ta sa a madadinsu, Baffa da limamin unguwarmu suka zama shaidu. Wasu sun ga kamar na tsananta, tun da ba a saba rubutu tsakanin 'yan uwa ba, amma takardar ta fayyace abubuwa uku da na san za su jawo magana nan gaba: ni kaɗai ke karɓar kuɗi, ba na kashe abin da ya wuce naira 50,000 sai da sanin Baffa, kuma sau ɗaya a shekara zan shimfiɗa lissafi a gaban kowa. Da ba a yi haka ba, ƙanena ɗaya zai iya bi ta gidan ya karɓi rabin kuɗin shago da hujjar cewa shi ma gidan ubansa ne, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Abin da marigayin ya bari na lissafi littafi ne guda mai bangon leda, wanda na samu a cikin akwatinsa tare da takardun gonaki. Da ajami ya rubuta shi, kowane ɗan haya da shafinsa, ba suna cikakke sai laƙabi, irin su mai shayi, malamin asibiti, ɗan Gwadabawa. A ƙarƙashin kowane laƙabi akwai jerin kuɗi da watan da aka biya, wasu an ja musu layi, wasu an rubuta “saura” a gefe ba tare da an faɗi nawa ba. Sai da na zauna da kowane ɗan haya ɗai-ɗai, littafin a buɗe a tsakaninmu, na karanta masa abin da ke shafinsa, shi kuma ya faɗi abin da ya sani. Mafi yawansu maganarsu ta dace da rubutun, kuma inda aka saɓa na ɗauki maganar ɗan haya, domin babu rasit ko ɗaya da aka taɓa bayarwa, wanda zai musa kuma yana kabari.

A wannan zama na gano cewa da watannin Musulunci marigayin yake lissafin hayarsa. Wani shekararsa tana cika bayan Babbar Sallah, wani a watan Gani, wani a farkon azumi. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta boko da kamar kwana 11, don haka wa'adin biya yana matsowa gaba kowace shekara, alhali uku daga cikin mazauna gidan ma'aikata ne da ke jiran albashin ƙarshen watan boko. Malamin asibitin, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya ce mini cikin raha ya daɗe da lura cewa a cikin shekara 33 zai biya hayar shekara guda ta ƙari, amma kunyar Alhaji ta hana shi faɗa. Muka mayar da kowa kan kalandar boko, muka lissafa kwanakin da suka rage wa kowa har ƙarshen Disamba ya cike, daga nan shekarar kowa ta koma farawa a Janairu. Wannan ya sa kuɗi ke shigowa a lokaci ɗaya, rabo ma ake yinsa a lokaci ɗaya, ga shi kuma ya rage watanni kafin damina, lokacin da gida ya fi neman gyara.

A takarda gidan yana kawo naira 540,000 a shekara, ciki da falo kowanne 70,000, shago kowanne 60,000. A zahiri ba haka ba ne. Ɗaki ɗaya wani ɗan ƙanwar marigayin ne a ciki ba ya biyan ko sisi, wani kuma ana bin mai shi hayar shekara biyu. Na buɗe asusun banki na dabam wanda ba ya haɗuwa da albashina, na sanar da 'yan haya cewa ta nan kaɗai za a biya. Da farko masu shagunan sun yi gardama, sun fi son su miƙa kuɗi hannu da hannu kaɗan-kaɗan kamar yadda suka saba, sai ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin kuɗi, kowa ya koma tura kuɗi ta waya ko ta wurin masu POS ko yana so ko ba ya so. Duk wanda ya turo ina rubuta masa rasit mai kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na gida.

Batun takardun mallaka ya fi komai jan lokaci, kuma har yanzu bai kammala ba. Abin da muke da shi takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da haƙƙin zama a filayen birni, takardar shaidar mallaka da ake bayarwa galibi ta shekara 99 ce, kuma sayar da gida mai irin wannan takarda ko jinginar da shi yana buƙatar amincewar gwamna. Na fara da kotun shari'a, inda aka tabbatar da magada da rabon kowa a rubuce, sannan na kai wannan da takardar cinikin Ma'aikatar Filaye, aka buɗe fayil, safiyo ya zo ya auna ya fitar da taswira. Wasu daga cikin ƙannena sun ce ɓarnar kuɗi ce, tun da ba wanda ya taɓa yi wa Alhaji jayayya a kan gidan. Na ce musu Alhaji kowa ya san shi a Mabera, jikokinsa kuwa ba lalle a san su ba, kuma duk ranar da aka tashi sayarwa, gida mai takardar gwamnati da marar ita ba kuɗinsu ɗaya ba.

Cikin watan Maris na kira magini da kafinta muka zagaya gidan. Zafin Sakkwato a wannan lokaci yana haura digiri 40, kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare har ƙusoshi su saki, sannan iskar farkon damina ta zo ta tarar da rufi a kwance. Kafintan ya hau saman ɗakunan baya, ya sa hannu ya ɗaga gefen kwano ɗaya ba tare da ya yi amfani da guduma ba, ya kira ni in hau tsani in gani da idona. Katakon da ke ƙasa gara ta cinye cikinsa, ya danna shi da babban yatsa ya lotsa, gari yana zubowa. A cikin ɗakin da ke ƙarƙashi silin ya yi taswirar ruwa, matar gidan kuma ta nuna mini inda take jera robobi duk daren da aka yi ruwa. Ta ce sun faɗa wa Alhaji, ya ce bayan damina, rashin lafiya kuma ta zo. A bayan gida sokawe ya cika har yana tsattsafowa cikin kwata, bangon da ke jikinsa ya jiƙe ya fara zubar da filasta.

Na raba aikin biyu: kaya ni zan saya da kaina, aikin hannu kuma a yi jinga. Idan aka bar wa ma'aikaci sayen kaya, ba lalle ya ci amana ba, amma zai saya inda ya saba ba inda ya fi sauƙi ba, kuma idan aka biya shi kullum-kullum aikin kwana uku yakan zama na mako. A jinga na riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sai an gama an duba, na rufin kuma sai da aka yi ruwan farko ba a ga ɗigo ba. Wannan gyara ya cinye kusan duk abin da aka tara a shekarar farko, magada ba su ga komai ba, kuma a nan aka fara kallona. A lokacin na sayi buhun siminti ƙasa da naira 5,000. Farkon 2024 ya haura 10,000 a kasuwa, duk da cewa masana'antar siminti ta Kalambaina tana nan bakin gari, ana ganin tireloli suna fita da shi kullum. Da an jinkirta aikin shekara guda kamar yadda wasu suka so, hayar shekara biyu ba ta isa ba.

Saboda kada a sake shekarar da ba a raba komai ba, na kawo shawarar a riƙa cire kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ya shigo a ajiye wa gidan, kafin a yi maganar rabon kowa. Yayarmu babba, wadda mijinta ya rasu tana riƙe da yara, ita ta fi kowa jin zafin wannan. Ta ce, “Malam, Baba bai taɓa cire wa bango rabo ba, mu da muke da rai mun fi bango buƙata.” Na ce, “Yaya, gaskiya ne bai cire ba, shi ya sa bara ba ki samu komai ba.” Baffa ne ya raba gardamar, ya ce wanga gida saniyar tatsa ce, wanda ya hana ta dusa bana, baɗi ba ya ganin nono. Aka amince, da sharaɗin cewa kuɗin ajiyar ba a ranta wa kowa shi, ko ni, ko don biki ko don rashin lafiya. Wannan sharaɗi ya fi cirewar kanta wuyar riƙewa, domin duk wanda ya shiga matsi ya san akwai kuɗi a ajiye, kuma ya san lambar wayata.

Wutar lantarki ita ce rigimar da ta fi yawa tsakanin mazauna gidan. Mita ɗaya ce ga kowa, takardar kuɗin wuta tana zuwa da ƙiyasi, ana raba ta daidai a kan ƙofa takwas, alhali ɗaya daga cikin masu shago yana da firiza biyu na ƙanƙara da lemo, wata tsohuwa kuma ƙwan fitila biyu da fanka kawai take da su. Masu ganin an zalunce su suka daina biya, bashi ya taru, kuma bashin wuta a kan gida yake zama, ɗan haya yana tashi ya bar wa mai gida. Na biya tsohon bashin daga kuɗin gida bayan an daidaita a kan biya kashi-kashi, na nemi mita mai kati, na raba layin shaguna da na ɗakuna, sannan na sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita mai nuna abin da ya sha. Yanzu su da kansu suke haɗa kuɗin kati gwargwadon abin da mitar kowa ta nuna, malamin asibitin ke riƙe musu lissafi, ni ba ruwana. Ruwa kuwa na bar shi yadda yake. An kawo shawarar haƙa rijiyar burtsatse, amma kuɗin haƙa da injin da tanki da aka faɗa mini ya fi hayar shekara uku, ban da gyaran injin da wutar da zai ci. Tanki kawai na saya, a tara idan famfo ya kawo, idan bai kawo ba kowa ya sayi nasa wurin 'yan ga-ruwa.

Ƙarin kuɗin haya shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa. Marigayin ya shekara da yawa bai ƙara ba, dillalan unguwa kuma suna gaya mini cewa irin ɗakunanmu sun kai ninki biyu, musamman da yake mutane suna ta shigowa gari daga ƙauyukan gabashin jihar saboda rashin tsaro, ga ma'aikata da ɗalibai. Amma an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin abinci da na mota suka tashi, albashin mazauna gidan kuwa yana nan inda yake. Dillali yana son ɗaki ya zama fanko, domin la'adarsa ta kashi 10 cikin 100 daga sabon shiga take fitowa, don haka shawararsa ba ta rasa son kai. Ni kuwa na lissafa abin da tashin ɗan haya ke ci: fenti, gyaran ƙofa da makulli, wata biyu ko uku ɗaki a rufe, sannan a kawo wanda ban san halinsa ba. Mutumin da ke biya a kan lokaci, yana share kwata, ba a kawo ƙararsa, ya cancanci ragi a kan farashin kasuwa, kuma wannan ragin ba sadaka ba ce, kuɗin kwanciyar hankali ne. Na tsayar da ciki da falo a kan 110,000, shago a kan 100,000, na sanar da su tun wata shida kafin sabuwar shekara, na kuma yarda ma'aikata su biya kashi biyu, Janairu da Yuli. Mutum ɗaya ya tashi, sauran suka zauna.

Tare da ƙarin na kawo yarjejeniya a rubuce, shafi biyu da Hausa, wadda wani lauya abokin karatuna ya duba. Ta faɗi kuɗi da ranar biya, ta raba gyara: rufi da bango da sokawe na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo da makulli da gilashin taga na ɗan haya ne. Ta hana saka wani a ɗaki a karɓi kuɗinsa ba da sanina ba, ta hana fasa bango ko ƙara rumfa sai da izini, ta kuma ce duk gyaran da ɗan haya ya yi da nufin a cire masa a haya, sai an yarda da kuɗin tun kafin a fara. Wannan na ƙarshe na sa shi ne saboda shafukan littafin marigayin da aka rubuta wa “saura”, waɗanda yawancinsu daga irin wannan gyara suka samo asali. Ɗan ƙanwar marigayin da ke zaune kyauta kuwa ban tunkare shi ni kaɗai ba. Baffa ya kira shi ya ce masa, “Kawunka ya ba ka don nasa ne, yanzu kuwa akwai marayu ciki.” Aka yanka masa 60,000, ya karɓa ba da daɗin rai ba, mahaifiyarsa kuma ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Wanda ake bi hayar shekara biyu tela ne, mai mata da 'ya'ya biyar, kuma ba mutumin banza ba ne, ciniki ne ya karye masa. Ƙannena maza suka ce a cire masa ƙofa ko a kwashe kayansa waje. Lauyan ya gargaɗe ni cewa doka ba ta yarda mai gida ya fitar da ɗan haya da hannunsa ba, ko nawa ake binsa: idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, idan wa'adi ya cika bai tashi ba a ba shi takardar kwana bakwai, sannan a je kotu, ita ce mai fitarwa. Wanda ya cire rufi ko ya sa kwaɗo yana iya komawa shi ne wanda ake ƙara. A ɗaya ɓangaren kuma iyayenmu mata suka ce a yafe masa, Alhaji ma da yana nan da ya yafe, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Malamin da na tambaya ya ce jinkiri yana hannuna, yafewa kuwa ba ta hannuna, domin wakili ba ya kyauta da dukiyar da ba tasa ba, balle wadda marayu ke da haƙƙi a ciki. Kowane baligi yana iya yafe nasa kason, na yaran biyu kuwa sai an biya.

Haka aka yi. Muka zauna a zauren mai unguwa, telan ya amsa bashin naira 140,000 a gaban shaidu. Iyayenmu mata da 'yan uwa mata huɗu da ni muka yafe namu, wanda ya kama rabin bashin daidai, ragowar 70,000 aka yanka masa biya wata-wata, mafi yawa a watannin da ɗinki ke tafiya, kafin Ƙaramar Sallah da Babba. Na ba shi notis a rubuce duk da haka, na gaya masa a fili cewa ba don in kore shi ba ne, don kada wa'adi ya fara daga farko ne idan alkawari ya ƙi cika. Ya cika, yana nan a gidan har yau.

Haraji da zakka ba su ɗauki lokaci ba. Akwai kuɗin ƙasa na gwamnatin jiha a kan fili mai takarda, akwai abin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gini da shaguna, kuma duk wanda ya zo karɓa ina neman takardar hukuma da rasit kafin in biya. Zakka kuwa, a mazhabar Malikiyya ba a fitar da ita a kan gidan da aka ajiye don haya, sai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi, wato kimar dinari 20 na zinariya, ya kuma shekara a hannun mai shi. Tun da kason kowa nasa ne, kowa zai haɗa da sauran dukiyarsa ya duba, ba a kan asusun gida za a fitar a dunƙule ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ba mai biyan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayarsa ta shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai, don haka rasit ɗin da ma'aikatan gidan suke karɓa suna cusawa a aljihu yanzu ya zama abin adanawa.

Lissafin 2024, shekarar farko da komai ya tafi a kan tsari, shi na shimfiɗa a falon mahaifiyata a gaban kowa. Abin da ya kamata ya shigo naira 810,000 ne, abin da ya shigo 780,000, saboda ɗakin da ya zauna a rufe kafin a samu sabon shiga. Aka cire kason gida 156,000, aka cire 64,000 na haraji da kwashe sokawe da shara da ƙananan abubuwa, saura 560,000. Da aka kasa 16, kowane kashi ya tashi 35,000: namiji 70,000, mace 35,000, a shekara guda cur. Falon ya yi tsit, domin kowa yana jin an ce gidan haya mai ƙofa takwas, ya ƙiyasta abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙanena da ke kasuwanci ya ɗauki waya ya buga lissafi, ya ce dillalai sun yi wa gidan kuɗi naira miliyan 20, ke nan abin da yake bayarwa bai kai kashi 3 cikin 100 ba, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30. Ya ce ko sukuk, wato takardun zuba jari na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 kuma ba ruwansa da riba ta haram, ya fi wannan kawo kuɗi, balle a juya kuɗin a kasuwar hatsi ko ta albasa.

Lissafinsa daidai ne, ban musa ba. Abin da na ce shi ne ribar gida a gari irin Sakkwato ba a haya take ba, a ƙasar da ke ƙarƙashinsa take, domin kuɗin fili a Mabera da Arkilla da Gwiwa yana tafiya tare da tsadar rayuwa ko ya wuce ta, naira a hannu kuwa narkewa take yi. Miliyan 20 da aka raba wa mutum goma sha biyu, a ganina, ba za ta kai baɗi ba a hannun mafi yawanmu. Amma wannan hujja tana da amfani ne ga wanda zai iya jira, kuma Yaya ba za ta iya ba. Kasonta a gidan ya kama naira 1,250,000, tana karɓar 35,000 a shekara, sai ta haura shekara 35 kafin haya ta ba ta abin da sayarwa za ta ba ta yau, ga yara a makaranta, ga jarin da take so ta ja. Ban ga dalilin da zai sa a tsare ta a cikin tarayyar da ba ta amfane ta ba. Shari'a ta ba abokan tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, wato su suka fi cancanta da sayen kason wanda zai fita kafin bare, don haka aka kira dillalai biyu da ba su san juna ba suka yi wa gidan kuɗi, aka ɗauki tsakiya, ni da ƙanena ɗan kasuwar, wanda ya ce a sayar, muka haɗa muka saya, rabi a take, rabi cikin wata shida, aka rubuta a kotun da ta tabbatar da gadon.

Abin da ke gabana yanzu rufin shagunan ne, wanda kafinta ya ce ba zai wuce damina biyu ba. Kuɗin ajiyar gida yana banki, amma abin da zai saya a Janairu ba shi zai saya a Yuni ba, don haka na nemi izinin Baffa in riƙa mayar da shi kaya tun da wuri. Na sayi bandir biyu na kwano da ƙusa, an jingine su a ɗakin ajiya na gidanmu, an rubuta su a littafi da ranar saye da kuɗinsu kamar yadda ake rubuta kuɗi. Katako sai aiki ya matso saboda gara, siminti kuma ba a ajiye shi domin yana daskarewa, don haka su biyun da kuɗin jinga za su fito ne daga kashi na biyu na hayar ma'aikata. Wannan kuwa sai Yuli yake shigowa, bayan ruwa ya sauka, shi ya sa na fara magana da masu shagunan ko za su ba da hayar baɗi tun Afrilu a rage musu naira 10,000 kowanne. Mai firiza ya yarda, ɗayan ya ce sai ya ga yadda cinikin azumi ya kasance.